Faifan Ƙauran Namoda

A ƙasan adakar Baba na same shi,
tsakanin takardar fansho da kwat ɗin reluwe,
baƙi wuluk, bai fi faifan rufe fura ba,
an naɗe shi a ɗankwalin da ba na innarmu ba.

Shekarar da aka canja kuɗi ya iso garin nan,
sule na ban kwana, naira na koyon hanya.
Jirgin Zariya ya sauke shi da la'asar
a jakar Labbo mai huda tikiti,
shi kuma a Ikko ya saya, ya ce har da ciniki.

An ce wata baƙar mace ce a can Amurka,
a majami'a ta wasa muryarta tun tana yarinya,
ta shiga ɗaki da masu goge goma sha biyu,
ta yi kukanta sau ɗaya, injin ya kama.
Ban tabbatar ba. Haka Labbo ya faɗa,
shi ko Labbo ba ya barin labari ba gishiri.

Lasisi mai hoto ne ke da garmaho,
bayan tasha, da batirin tsohuwar roka.
Farkonta a hankali take tasowa,
kamar guga daga rijiya gaba ashirin,
sai ganga ta faɗo:
taɓarya huɗu, turmi ɗaya,
goge ya tashi kamar tsuntsaye an kore su daga gero.

Ba mai jin Turancinta sai akawun awo,
shi ma ya ce tana haɗiye baƙaƙe.
"Mi ta ce?" in ji 'yan dako.
Tumba ta rantse "kar ka kwana" take cewa,
sunan ke nan da ya bi ta har yau.

Nomau tela ya daina barci:
kowa wando yake so mai share titi.
Samari suka tara suma kamar gammo,
takalmi ya yi tudu, gajere ya samu tsawo,
tsofaffi suka ce duniya ta zo ƙarshe,
suna faɗi, ƙafarsu na motsi ƙarƙashin benci.

Daren da aka rufe awon gyaɗa,
Tumba ta juya, ta sake juyawa,
awarwaronta ya suɓuce, ya dira kan faifan.
Tun ranar allura in ta zo wurin sai ta yi tsalle,
ta cinye kalma guda.
Gari bai yi fushi ba, ya koyi tsallen:
ƙafa arba'in sama lokaci ɗaya,
su sauko tare, ƙura ta amsa.
Baba ne ya tsinci awarwaron.
Ba a gaya mini ko ya mayar ba.

Sannan kaset ya zo, gyaɗa ta yi ciwo,
Tumba ta hau jirgi, an ce Jos, an ce Kafanchan,
jirgin ma ya rage zuwa, ciyawa ta ci dogo,
Lasisi ya koma garinsu, ya bar faifan a bakin bashi.

Ni ban taɓa taka rawarta ba.
A bakin Baba na san ta,
yana fito, yana goge kekensa da safe,
in ya zo wurin sai ya yi shiru,
tsumman ya tsaya a hannunsa,
sannan ya ci gaba.

Jiya 'yata ta lalubo mini ita a waya,
tas, ba ƙarce, ba shasshekar allura.
Da muka zo wurin na ɗaga ƙafa ban sani ba,
matar kuwa ta wuce abinta,
ta faɗi kalmar da ta ɓace mana shekara hamsin.

"Baba, in fassara maka?"

Na ce bari, Jummala.
Kashe wayar.
Nemo mini wanda ke gyaran garmaho.