Mai Zaɓen Tsumma a Prato

Bayan masaƙar da ta daina kuka
kakana Nedo yana zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe,
dila ta fashe a gabansa kamar tumbin sa.

Ba ya duban takardar wuyan riga.
Takarda takan yi ƙarya, in ji shi, yatsa ba ya cin hanci.
Ya murza hannun wata kwat,
ya ce ulu ne, amma an yi masa algus.
Ya zare zare ɗaya, ya ƙyasta ashana.
Ulu in ya ƙone warin gashi yake, tokarsa ta murmushe.
Nailan sai ya dunƙule, baƙi ƙirin, ya ƙi komawa ƙasa.

Tudu goma sha bakwai kewaye da shi.
Ja kaɗai gida huɗu ne:
jan tumatir, jan bulo, jan inabin da ya kwana,
da wani da ya ce na kunnen mai jin kunya ne.
Ni ja kawai nake gani.
"Fosca, idonki gaggawa gare shi. Zaunar da shi."

Wanda ya iya zaɓen launi ya hutar da marina.
Yana yaro, kogin Bisenzio kan sauya riga a mako,
Litinin shuɗi, Laraba ruwan hanta,
kifi ya yi ƙaura bai bar sallahu ba.

Nawa aikin almakashi ne: maɓalli, zif, shafi.
Aljihu kuwa sai na laluba.
Tikitin jirgin ƙasa zuwa garin da harshena ya kasa,
haƙorin yaro ƙulle a hankici,
rabin wasiƙa: "in sanyi ya tsananta ka sa"
sauran ya tafi da ruwan wanki.

Jiya wata ta zo daga Milano da takalmi mai tsini,
ta ɗauki hoton hannuwansa,
ta ce wannan ita ce gobe, wannan ne ceton duniya.
Ya bari sai da ta fita.
"Shekara hamsin ana ce mana 'yan bola,
yau kuma mun zama gobe.
Miƙo min koren can."

Da yamma inji ya haɗiye tudun shuɗi
ya amayar da shi lallausa kamar girgije,
suwaita dubu sun manta masu su.
Baɗi wani zai saya sabo fil a kanti,
ba a aske tunkiya ba, ba a ɗora tukunyar rini ba.

Sai dai motoci uku na jira a ƙofa,
kuma kowace shekara ulu raguwa yake, roba na yaɗo,
rigunan da ba su ga wanki biyu ba.
Waɗannan ba shi da tudu dominsu.
Yakan riƙe su jim kaɗan
ya ajiye a bayansa, inda ba ya waiwaye.

Kwat ɗin da ke jikinsa ta girme ni.
Daren jiya gwiwar hannunta ta ɓule,
na tona tudu na samo ƙyallen faci.
Ya kai shi gaban fitila, ya daɗe.
"Na huɗu," ya ce, ya miƙo min allura.