Ƙofofi a Iskar Agege

An ɗauke wuta tun la'asar.
Na hau benen Alhaji Rasaki,
kwamfuta a cinya, caji saura kwata,
na buɗe manhajar da Sagiru ya saka mini a Ikeja.

Ashe iskar Legas cike take da ƙofofi.
Iya Kudi, sanda huɗu, a kulle.
Chukwudi da 'Ya'yansa, a kulle.
Wani da buroka ya rubuta: je ka sayi naka.
Na yi dariya, sauro ya taya ni.

Shekara uku a unguwar nan
ban san sunan mai ɗakin jikin nawa ba,
yau ga maƙwabta goma sha tara a allo,
kowa da ɗan kwaɗonsa.

Can ƙasa, sanda ɗaya tal tana rawa:
Ruwan Haɗeja.
Ba kwaɗo.

Wa ya jawo kogin garinmu har nan?
Na tallabi kwamfutar kamar tiren ƙwai,
na juya gabas, sandar ta zama biyu,
na matsa jikin tanki, ta koma ɗaya.
Jirgin ƙasa ya wuce, bene ya girgiza.

Sai wani janareta bayan layin dogo
ya yi tari, ya mutu.
Sunan ya ɓace.

Ko sallama ban yi ba.
Gobe zan sauka da ƙafa,
in bi ƙarar injin lungu-lungu,
in ji ɗan gidan wane ne.