Mai Farar Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina jan layi
a filin kwalejin nan ta bayan Batagarawa.
Bokiti a hagu, gwangwanin madara hudajje a dama,
igiya ɗaure tsakanin turaku biyu.
Ba a taɓa tafa mini ba.
Amma bari layi ya karkace da taki ɗaya,
nan take kowa zai tuna sunana Sallau.

Kafin a kafa ƙarfen raga, nan gonar kakana ce,
gero a sama, wake na rarrafe a ƙasa.
In an yi girbi an kwashe kara,
sai fili ya zama namu:
langa da farin wata, kokawa daren kasuwa.
Daidai inda ake ajiye ƙwallon fenariti yau,
nan Barau Guga ya ɗaga wani ƙato daga Rimi,
ya aje shi a hankali kamar tulun amarya,
har makaɗi ya manta da ganga a hammata.

Ƙwallonmu ta fari mafitsarar sa ce,
mun roƙo wurin mahauta, mun hura da bakin kara.
Ba ta kai la'asar ba ta fashe.
Muka koma tamola, tsumma da zare,
raga kuwa takalman Mati ne,
don shi kaɗai ke da takalmi.

Sai ga masu awo da tef da jan fenti.
Aka biya diyya, babana ya sayi keke,
ni aka ba ni bokiti.

Na ga abubuwa daga gindin wannan darbejiya.
Na ga Ladidi 'yar mai ƙosai
ta tuɓe kambas ɗin aro da ya matse ta,
ta zagaye filin nan ƙafa ba takalmi,
ta bar 'yan birni suna lissafin numfashi.
Kofinta na cikin kabad a ofishin shugaba.
Mukulli ya ɓata tun shugabanni uku da suka wuce,
gizo-gizo ne ke riƙe da kambun yanzu.

Ga ɗakin motsa jiki can, mai shuɗin kwano.
Ƙarafan ɗagawa na cikin ledarsu tun ranar da ɗan kwangila ya sauke,
tantabaru ne ke atisaye a kan rafta.
Fitilu huɗu dogaye, sun fi rimi tsawo,
sau ɗaya suka kama, daren buɗewa,
har kajin unguwa suka yi cara da ƙarfe tara.

Bara aka ja katanga, aka sa ƙofa da mai gadi.
Wai sai mai katin ɗalibi.
To, ƙasa ba ta karatu, ba ta san kati ba,
tafin ƙafa ta sani.

Akwai wata kafa bayan ɗakin girki
inda bulo uku suka gaji da juna.
Da an fito sallar la'asar sai in ga kawuna,
ɗaya, biyu, goma sha,
na gaba jikana ne Nalado, ƙwallo a cikin riga kamar mai ciki.
Ni kuwa sai ido ya yi mini nauyi,
in juya baya ina gyaran igiya.
Tsufa ai yana da ranarsa.

Jiya da dare ruwa ya sauka,
ya wanke duk abin da na zana ranar Laraba.
Ba yau ya fara ba, mun saba, ni da shi.
Gobe akwai wasa da 'yan Dutsin-ma,
an ce in zo da wuri.
Farar ƙasa saura rabin buhu,
gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa,
ga wake ya sake tsirowa a bakin kwana,
ban san wa ya gaya masa gonar ta dawo ba.
Zan zagaye shi da layin.