Sallar Bana a Tudun Wada

Laraba aka ɗaura mini ruwan magani a Shika,
Sallah ta faɗo Juma'a.
Lantana mai kitso ta leƙo,
ta dubi kaina, ta mai da kibiyarta jaka,
ta ce, "Miƙo ƙafa, mu yi lalle."

Ƙanshin suyar rago da nake ɗoki,
yau shi ke tayar mini da zuciya.
Na sakar wa Uwani ludayi.
Gishiri ya zarce, na yi shiru.

Ya jiki? Da sauƙi.
In gaisuwa ta yi yawa
sai in zame bayan ɗaki,
in murza ganyen lemun tsami,
in ja numfashi ɗaya-ɗaya kamar carbi.

Sankara, kin cinye gashina.
Yau dai jira ni a zaure,
ina ɗaura ɗankwali.