Gwangwanin Ma'aji

Ni suka zaɓa ma'aji,
wai don ba na dariya a aji.
Mushe Lawali ya miƙo min gwangwanin madara
da aka tsaga wa baki da wuƙa,
da kaye mai shuɗin bango, da bik.
Ya ce, "Sahiya, kuɗin jama'a garwashi ne,
ba a ɗaukar sa da hannu tsirara."

Famfon gidan haihuwa na Mokoyo
ya mutu tun tsakiyar damina.
Mai naƙuda na gaba, mai jarka na bin ta a baya.
Mai gyara ya ce jika tamanin da biyar.
Mu ashirin da uku ne, 'yan lise,
in an zazzage mu duka, jika guda ba za ta faɗo ba.

Asabar ta fari muka wanke babura a bakin tasha.
Harisu ya zuba ruwa inda ba a zubawa,
babur ɗin wani ɗan kabu-kabu ya ƙi tashi.
Muka tura shi har Sabon Gari,
yana zagi, muna haki.
Da injin ya kama, ya yi gaba,
can sai ya yi kwana, ya jefa dala hamsin,
bai dubi kowa ba.

Balkisa ta soya aya da sukari,
rabi ya ƙone, mu muka saye ƙonannen.
Muka kwashe kwatar Bagalam da shebur ɗin aro,
kwana uku hannuna na wari,
ko tuwo da cokali na ci.
Wani Alhaji mai kanti ya ce jika ashirin, mu dawo gobe.
Gobensa na da 'ya'ya da jikoki,
har yau ba mu ga ƙarshen zuriyarta ba.
Mai ƙuli-ƙulin ƙofar lakwal
ta kwance bakin zane, dala biyar,
ta tsaya a kaina sai da na rubuta,
ta ce in karanta mata, ta ji ko daidai ne.

Kowace dala na rubuta.
Shi ya sa ranar ƙidaya gabana ya faɗi:
kaye ya ce abu kaza,
gwangwani ya ce a'a, da ƙarin jika ɗaya da dala arba'in.
Na ƙirga sau huɗu.
Da giɓi ne, da na san kukan da zan yi.
To, rarar fa, wa zan kai wa ƙara?

Daren nan ban yi barci ba.
Gwangwanin na kwana ƙarƙashin gadon Inna,
don ɗakinta ne mai kwaɗo.
An ɗauke wuta, gari ya yi tsit,
sai sauro da minsharin ƙanena.
Can na ji gado ya yi ƙara,
na ji numfashin mai sunkuyo da ciwon baya,
sannan:
ƙwal.
Sai kuma, bayan ɗan tunani,
ƙwal.

Inna, wadda ta ce aikin banza muke,
mu bar gwamnati ta yi abinta,
wadda ke sayar da fura dala goma-goma
ta hana ni kuɗin kitso.

Da safe ta ce in share tsakar gida.
Na share.
Na buɗe kaye, layin ƙarshe,
na rubuta: wata baiwar Allah.

Ranar da ruwa ya zo, ja ya fara fitowa,
ya yi tari, ya tofa, sannan ya washe.
Ungozoma ta tara hannu biyu ta wanke fuska.
Harisu ya jiƙe har wando.
Aka yi hoto, ban fito ba, ina bayan Mushe.

Gwangwanin yana gidanmu.
Inna na auna gero da shi,
tana mitar wanda ya ɓata masa baki.