Kamshaf Uku a Suame

A Magazin, bayan rumfar masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta,
Masta Gariba ya shimfiɗa buhun siminti,
ya jera kamshaf uku kamar mai tallan rake.

Na nuna na ƙarshe, mai manyan tozaye.
Shi nake so.
In na taka ta a hanyar Ejisu,
Kwadwo Ntim ya ga ƙeyata kawai.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Muniru, wannan ba ya farkawa
sai allura ta haura dubu huɗu.
Ƙasa da nan, jaki ne mai mura.
Ina kake kwana? Asawase.
Ina kake wuni? Cunkoson Kejetia,
hancinka a gindin trotro,
ƙafa kan kulochi tun hantsi har la'asar.
Can zai yi ta kakari, yana mutuwa a tsaye,
mai tallan ruwa ta wuce ka da ƙafa."

To, bawul fa? A sa manya,
tunda an yashe silinda, an sauya fistan.

Ya ɗaga ɗaya ga rana, ya murza wuyansa.
"Na shan iska, ƙara masa milimita guda, ba laifi.
Na fitar hayaƙi, bar shi yadda ka same shi.
Ƙofar da ta fi ƙarfin ɗaki,
iska kan shigo ta da kasala.
Sifirin kuwa sabo, mai tauri,
kada bawul ya yi ta lilo sama
lokacin da ake jiransa a gida."

Sai ya gutsuri dokunun da ya rage da rana,
ya manna bisa fistan, ya kifa kan injin,
ya ɗaure, ya juya da hannu sau biyu,
ya kwance.
Ga sawun bawul cikin dokunu
kamar kofaton akuya a laka.
Ya tsaga da reza, ya nuna mini kaurin:
bai kai farcen jinjiri ba.
"Da babban naka ke nan.
Wannan ce tazara tsakaninka da kuka."

Na ɗauki na tsakiya.
Na ƙirga sidi, yatsuna suna gardama.

Gab da magariba ta tashi,
da 'yar ɗingisa a murya, irin wadda nake so.
Masta ya kafa sukundireba a kan injin,
ya ɗora kunne a ƙotar, ya lumshe ido.
Ƙirjinsa na fito, shekara talatin na hayaƙi,
nata kuwa sumul.
"Ji," ya ce. "Shiga. Fita.
Ba a roƙon abin da ya wuce haka."

Har yau Kwadwo na riga ni isa Ejisu.
Babban kamshaf na nan ƙarƙashin benci,
naɗe da tsumma.
Duk zuwana sai na tsuguna,
wai ina gyara takalmi.