Katin Baftisma a Jidda

Yayana Barnaba ya kira ni daga Malumfashi
daren Alhamis, ina wanke motar maigida a Bani Malik.
Bai tsaya gaisuwa ba.
Ya ce, "Tunda ka ce auren fari ya mutu,
ka ɗaura na biyu a kotu,
ka ce Ikilisiya ta yi kuskure,
ai da hannunka ka goge sunanka.
Kai ba Katolika ba ne."
Sai katinsa ya ƙare.
Kumfa na bushewa a kan gilashi.

Shi katakis ne, ya san littafi.
Ni na san shekara tara
da Falomina ta ɗauki akwatinta ta tafi Fatakwal,
na san yadda ɗaki ke amsa tari.
Na gaya wa Fada ido da ido:
wannan koyarwa ban yarda da ita ba.
Har yau ban janye ba.

A garin nan ba ƙararrawa.
Ran Juma'a, idan titi ya yi tsit,
mukan hau bene na uku, ɗakin Rodeliyo mai gyaran firji,
a saki labule, a rage murya.
Mu goma sha ɗaya:
'yan Filifin, 'yan Kerala, wata tsohuwa 'yar Asmara, da ni.
Ran da aka dace da Fada,
yakan shigo da jakar kayan aiki kamar lebura.
Idan ya ɗaga gurasa, kowa ya tashi,
ni in zauna, hannu a cinya.
Ba wanda ya hana ni. Na san doka.
Amma wanda ba ɗan gida ba,
ina zai ji yunwar tuwon gida?

Jiya a titin Madina tirela ta yanko mini hanya.
Kafin ƙafata ta sami birki
hannuna ya riga ya tafi:
goshi, ƙirji, kafaɗa, kafaɗa.
Ban aike shi ba.

Wataƙila kana da gaskiya, Barnaba.
Mai zaɓen abin da zai ci a akushi
bai kyauta wa mai girki ba.
Sai dai ɗa yakan yi wa uwa gardama,
tsagen kumatunsa bai koma ba.
Ruwan da aka zuba mini ina jinjiri,
daga rijiyar bayan coci kai ka ɗebo shi,
ya bushe tun kafin a fita ƙofa.
Da wane tsumma ake goge ruwan da ya bushe?

Fasfona yana hannun kafili.
Katin baftisma yana hannuna,
ya yi ja, ya tsage a tsakiya,
hatiminsa da ƙyar ake gani.

Da asuba Sisiliya ta aiko da murya:
yaron ya cika wata biyu,
yaushe za a kai shi a zuba masa ruwa,
wa zai riƙe shi?
Na daɗe ina kallon wayar.
Na ce ta je ta tambayi Barnaba.